Wasiƙa zuwa ga Auta a kan haɗin waƙarmu

Anka, Jihar Zamfara

Auta,

Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko Kano ta hana mutum kiran uwarsa ne.

Haɗin da ka turo ya iso. Na saurare shi da iyafis, na kuma sa an kunna shi a sifikar mai cajin waya na bakin kasuwa don in ji yadda zai faɗa kunnen mutanen gari. Tsabtar aiki kam ba magana, duk wanda ya ji ya san hannun situdiyon Zoo Road ne. Amma ba zan yarda mu sake shi haka ba, kuma dalilin ya fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Abu biyu ka yi. Ka ɗauki kotson Kawu ka yanyanka, ka jera kowane bugu daidai kan layin ma'aunin kwamfuta. Sannan ka zaɓi amshi ɗaya da ya fi maka daɗi cikin waɗanda yaran Bukkuyum suka yi, ka kwafa, ka liƙa shi bayan kowane ɗan waƙa. Na san haka ake yi a wajenku, kuma a waƙar fim babu laifi, don can kiɗan fiyano ake fara shimfiɗawa a FL Studio ko Cubase, mawaƙi ya zo ya hau. Kiɗan fada na ƙasar nan ba haka yake tafiya ba. Baki ne gaba, ganga tana biye. In jagora ya zo kan sunan da yake so a ji, sai ya ja shi, kotso ya ɗan tsahirta ya ba shi hanya. In ya shiga zuga, hannu ya ƙara wuta. Wannan jinkirin da ka gani a allon kwamfutarka ka ɗauka kuskuren tsoho ne, da gangan Kawu ya yi shi. Ni yake jira.

Maganar amshi ta fi damuna. Ka nemi waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo ko na Sa'idu Faru, duka mutanen ƙasar Maradun ne, ka zauna ka kasa kunne ga mutanen da ke bayansu, ka ƙyale jagoran. Za ka ji ba gindin waƙa kaɗai suke maimaitawa ba. Jagora yakan fara ɗa ya sake shi a tsakiya, su cafe su ƙarasa, wani lokaci har su yi ƙari a kai, wani lokaci su tarbe shi tun bai rufe baki ba. Gindin ma da suke komawa gare shi, duk dawowa da irin zafinta: wanda ya biyo bayan kirari daban, wanda ya biyo bayan ambaton mamaci daban. Kuma yawanci su ne dai ke riƙe da kotsannin, baki na amshi hannu na kiɗa. Ɗanƙwairo kansa ya daɗe a bayan yayansa Kurna kafin ya zama jagora, kuma har ya rasu a 1991 ƙarfin waƙarsa ba a muryarsa kaɗai yake ba, yana ga mutanen nan na bayansa. To waƙarmu ta tarihin Zamfara ce, daga Dutsi zuwa Birnin Zamfara, zuwa faɗuwar birnin a hannun Gobirawa a ƙarni na 18, har sarauta ta zo ta zauna nan Anka. Yaya za a yi amshin da ya biyo bayan faɗuwar birni ya zama shi ne kuma, numfashi da numfashi, ya biyo bayan kafa sabon gari? Kamar hatimin ofis ya koma, a buga nan a buga can.

Kada ka ce to mu haɗu a ɗaki ɗaya mu huta. Da ana iyawa ai da tuni mun taru a zauren Kawu a Gummi. Ka san halin da hanyar Anka zuwa Gummi ta Ɗaki Takwas take ciki, mutum ba ya kama ta sai da dalili mai ƙarfi da addu'a, kuma ba ni ne zan ɗora dattijo a mota ya zo nan saboda waƙa ba. Iyayen yaran Bukkuyum ma ba za su bari ba, kuma suna da gaskiya. Yin waƙar tare ta kiran waya kuwa ba ya yiwuwa. Murya tana ɗan makara a hanya kafin ta isa, a hira ba a lura, amma a kiɗa makarar da ba ta kai rabin daƙiƙa ba ta isa ta sa kowa ya riƙa jiran kowa har waƙar ta zube.

Don haka ga yadda nake so mu sake yi, ko da zai ci lokaci. Ni zan fara rera waƙar ni kaɗai daga farko har ƙarshe, babu ƙwanƙwasar ma'auni a kunnena, ina barin gurbin amshi. In tura Gummi. Ɗan Kawu ya kunna masa ita har ta zauna masa, sannan ya sa masa iyafis, ya aje wata wayar gabansa, ya kaɗa a kai ba tsayawa. Su dawo mini da ita in sake rerawa a kan kotsonsa, don a lokacin ni ma zan ji inda ya zuga ni in amsa masa. Wannan ta biyun ce za ta tafi Bukkuyum. Yaran kuma su tsaya su uku gaban makirufo ɗaya, su bi waƙar tun daga kai har wutsiya, kowane amshi a yi shi sabo a wurinsa. In wani ya ɗan riga wani da kaɗan, ka bar shi. Sai an gama duk wannan kayan za su zo hannunka. Aikinka shi ne ka daidaita ƙarfin muryoyi, ka cire hayaniya, ka buɗe wa kotso wuri ya fito. Injin gyaran murya kuma ka yi masa linzami. Kotso da matse tsirkiya ake sauya masa murya, sautinsa yana zamewa ne tsakanin maɓallan fiyano, ni kuma shi nake bi. In ka ja muryata ta koma kan fiyano, ni da Kawu mun raba hanya.

Wasu ƙananan abubuwa da na riga na gaya musu, ina so kai ma ka san da su don bakinmu ya zo ɗaya. Ɗakin ƙasa ya fi ɗakin siminti mai rufin kwano, wanda ke mayar da murya yana ƙara. Inda babu, a jingine katifa a bango, a rataya barguna, a shimfiɗa tabarma. A kashe fanka, a jira janaretan maƙwabta ya yi shiru, a rufe layin wayar da ke ɗauka kada kira ya shigo tsakiyar aiki. Hantsi ya fi, lokacin da yara suna makaranta. Baki ya yi nisan kamar taƙi ɗaya da makirufo, kuma sautin iyafis kada ya yi ƙarfin da zai zubo cikin ɗaukar. Kowa ya tafa hannu sau ɗaya daidai da tafin da ke farkon waƙar, don ka samu inda za ka haɗa bakin zaren. Kawu kuma ya gama nasa a zama ɗaya, saboda fata tana saki da laima, tana ɗaurewa da zafi, kotson safe ba shi ne na yamma ba.

Abin da ya fi ba ni wahalar fahimtar da yaran shi ne turawa. Sun saba danna saƙon murya a WhatsApp, shi kuwa matse sauti yake yi ya zubar da rabin daɗinsa. Na ce su ɗauka a WAV su tura shi a matsayin fayil. Sun yi ƙorafin data, kuma ban ga laifinsu ba: minti ɗaya na WAV yakan kai kusan megabait 10, na MP3 kuwa wajen 1, ga sabis ɗin da sai an hau tudu. Na ɗauki nauyin datar. Na kuma ce kowa ya aje kwafin nasa a memori, ban da wanda ke cikin waya. Ba mu manta Satumbar 2021 ba, da aka rufe layukan waya a faɗin jihar nan a zamanin Matawalle, aka ce mako biyu, mu na wajen Gusau muka kwashe watanni, mutum sai ya bar jihar kafin ya kira ɗan'uwansa. In irin haka ta sake faruwa, memori a aljihun direban da aka yarda da shi zai kai maka aikin Kano.

Saura maganar da 'yan'uwa ba su son yi sai an ɓata. Kafin waƙar nan ta hau YouTube ko Audiomack, mu rubuta wane ne ya yi me, da yadda za a raba in wani abu ya shigo. Ban sa ran kuɗi mai yawa ba, don mako ɗaya da fitarta masu tura waƙoƙi a waya za su baza ta ko'ina ba tare da ko sisi ya iso mu ba. Amma sunan Kawu ya fito a rubuce, da na yaran su uku, kada a ce wane da tawagarsa. A situdiyo mai kiɗa kan karɓi kuɗin aikinsa a sallame shi, shi ke nan. Kawu ba ɗan kwangila ba ne, gadon gidansu ya ba mu aro. Zan kuma kai baitocin ga wani dattijo masanin tarihi a nan ya duba jerin garuruwan da sarakunan, tunda abu ne da ya taɓa sarauta.

Ka tambayo mini kuɗin makirufo mai shiga waya kai tsaye, mai ɗan dama-dama, guda biyu, ɗaya Gummi ɗaya Bukkuyum. In ka samu kada ka aiko da kowa sai na gaya maka direban. Tawa muryar za ta iso maka bayan Juma'a in Allah ya yarda, don ka san tsawon waƙar tun yanzu, amma kada ka taɓa ta sai sauran sun cika.

Ka gaida mai gidanku na situdiyo. Ka kira Inna.

Wassalam,
Yayanka