A Gana, Lamba ta Mai Ita Ce

Duk wanda ya tashi a Sanyinna ya san Gwanja a bakin tsofaffi tun bai san inda ta dosa ba. Can fatake ke zuwa ɗauko goro, su share watanni ba a ji ɗuriyarsu ba. Yau albasa ce ke bin wannan ƙasa, wato Gana, a manyan motoci, ita ce ma ta kai ni. Mun bi ta Legas, Seme, Kwatano da Lome, muka shiga Gana ta Aflao, muka sauke kaya a Adjen Kotoku, inda aka mai da 'yan albasar Agbogbloshie a 2021.

Na ga teku, na ga gadoji, na ci waakye a Nima har na nemi ƙari. Amma abin da ya tsaya mini a rai ƙarami ne: yadda mutum ke sauya kamfanin waya ba tare da ya rabu da lambarsa ba.

Mai masaukina, wani dattijo dillalin albasa da kakansa ya fito daga ƙasar Kabi, ya ce in raka shi Circle, inda kasuwar wayoyin Akara take. Ya gaji da layinsa, don a unguwar da ya koma sai ya fita tsakar gida kafin a ji shi. Muka tsaya gaban wata yarinya mai tebur da lema. Ta karɓi katinsa na ɗan ƙasa, Ghana Card, ta tambaye shi ko ya kwashe kuɗin da ke asusun wayar, ta gargaɗe shi cewa ragowar katin da ya sa ba zai biyo shi ba. Ta cika bayanai, ta sa ya tura saƙo, ta ba shi sabon sim. Ban gama shanye ruwan kwakwar da na saya ba wayar ta yi ƙara. Wani mai sayen albasa ne daga Kumasi, ya kira lambar da ya saba kira, bai ma san an yi wani abu ba. Ko kwabo ba a karɓa ba.

Na ce, “Baba, shi ke nan?”

Ya ce, “Shi ke nan, ɗana. Lambar nan ita ce rumfata. Shekara da shekaru da ita ake nemana. Kamfani kuwa haya nake yi, in ɗaki ya fara yoyo sai in tashi.”

Hukumar sadarwar ƙasar, NCA, ta fara wannan tsari ne a watan Yulin 2011. A da, kana ganin 024 ka san MTN ce, 020 kuma Vodafone. Yanzu farkon lamba ba ya tabbatar maka da komai. Su kansu kamfanonin sun sha sauya riga: Airtel da Tigo sun haɗe a 2017, suka koma AT a 2023, Vodafone ta zama Telecel a 2024. Mai lamba dai yana nan da abarsa. Tun watan Mayun 2018 kuma ana iya tura kuɗin waya, wanda suke kira MoMo, kai tsaye daga wannan kamfani zuwa wancan. Wannan ne ya ƙara kwance wa mutane ƙafa, don ɗan kasuwa ba ya tsoron in ya tashi masu biyansa za su rasa ta inda za su biya. Har yanzu MTN ce ke riƙe da kaso mafi tsoka, amma wanda ya zauna da ita ya san ƙofa a buɗe take.

Kada a ce mu ba mu da shi. Hukumar NCC ta ƙaddamar da irinsa a Nijeriya a watan Afrilun 2013, kyauta, kuma saƙon da ake turawa zuwa 3232 na nan. Bambancin shi ne a can abin ya sauko bakin titi, a wurinmu kuwa ya maƙale a ofisoshin birni. Tambayi masu sayar da hatsi ranar kasuwa, da wuya ka sami wanda ya taɓa jin labarinsa. Wanda ya ji kuma zai lissafa kuɗin motar Sakkwato da yinin da zai ɓata, sai ya ga gara ya sayi wani layin. Shi ya sa mutumin da ke zirga-zirga tsakanin Sanyinna da ƙauyukan Kebbe ke yawo da waya biyu, sim uku ko huɗu: wannan na gida, wannan na hanya, wancan na data. In ka nemi lambarsa sai ya ce, “Wacce daga ciki?” Ciniki nawa ya wuce mutane don an kira layin da ke kashe?

Mun ga sauyi a harkar nan da idonmu. Wayar salula ta zo a 2001, lokacin da sim ɗaya ke cin dubban nairori. Glo ta shigo a 2003 da cajin daƙiƙa, sauran suka bi dole. Gasa ce ta yi wannan, kuma gasa ba ta aiki sai in mai saye na iya tafiya. Abin da muke buƙata bai fi abin da na gani a Circle ba: wakili mai izini, da na'urar tantance lambar NIN, ya kafa teburinsa duk ranar kasuwa a Sanyinna, Tambuwal da Kebbe. Ranar da manomi zai iya tashi da lambarsa tsakanin azahar da la'asar, ranar ce kamfani zai fara tunanin gyara turakun da ke bayan gari.