Man Zaitun a Yamai

Yaƙin basasar Labanan, wanda ya ɓarke a 1975, shi ya kawo iyalin Yamai, suka buɗe gidan abinci: uwa a madafa, uba wajen kuɗi, ƴaƴa na kai faranti. Da darajar sefa ta faɗi da rabi a 1994, man zaitun ya yi tsada. Maigida ya ce a surka da man gyaɗa, uwargida ta ƙi. Riɗin Maraɗi ta karɓa, albasar Galmi ta karɓa, amma banda wannan.

Yau ƴaƴan suna Faransa. Wanda ya gaji hannunta wani ɗan Tawa ne da ya fara da wankin kwanoni. Tsohuwar takan ɗanɗana girkinsa ta gyaɗa kai. Makullin dai har yanzu yana hannunta.