Larabcin Littafi da Larabcin Titi: Abin da Na Gani a Alƙahira

Washegarin saukata a Alƙahira na fita neman burodi a unguwar Abbasiyya. Na tsara jimlata tsaf, da wasali da i'irabi, kamar yadda na koya a zauren malaminmu a Zariya. Mai burodin ya dube ni ya ce, "Ayiz eh?" Na yi shiru. Ashe cewa yake, "Me kake so?" A bakin Bamisire burodi ba khubz ba ne, aish ne, wato rayuwa. Raƙumi da muka sani da jamal, gamal ne a wurinsu. Ƙahwa kuwa sun haɗiye harafin farko, ta koma ahwa. Shekarun da na yi ina haddar Ajurumiyya ba su tafi a banza ba, amma a ranar na gane kunnena bai taɓa shiga makaranta ba.

Ƙanena na je dubawa, yana karatu a Azhar. Masallacin Azhar an fara gina shi a shekarar 970, kuma mutanenmu ba baƙi ba ne a cikinsa, domin tun ƙarnonin baya ɗaliban Borno suna da masaukinsu a can. Yau ɗalibai baƙi suna zaune a Madinatul Bu'us, inda za ka ga 'yan Indonesiya da Malesiya da Senegal da Nijar da Najeriya a layin abinci ɗaya.

A nan na ga ɗalibai iri biyu. Akwai ɗakin da na shiga, duk Hausawa ne: a dafa shinkafa da wake tare, a yi hira da Hausa har dare, a kalli fim ɗin gida a waya. Wasunsu sun shekara uku, nahawu fal kansu, amma ciniki a kasuwar Ataba sai da tafinta. Ƙanena kuwa da gangan ya nemi zama da wani ɗan Indonesiya. Babu harshen da ya haɗa su sai Larabci. Ko gishiri zai ara, dole ya faɗa da Larabci. Cikin wata takwas bakinsa ya buɗe.

Ya nuna mini wani ƙaramin littafi da ba ya rabuwa da aljihunsa. Ba ya rubuta kalma ita kaɗai, jimla guda yake rubutawa kamar yadda ya ji ta. Kullum biyar, kuma sai ya yi amfani da kowace kafin sallar isha'i. A ƙaramar bas na ji ya ɗaga murya, "Ala gamb, ya usta!" direba ya tsaya a gefen titi nan take. Ya ce mini, "Yaya, wannan jimlar kwana uku na yi ina jin ta kafin na iya furta ta." Da asuba kuma rediyon Alƙur'ani na Alƙahira yake kunnawa, don kunnensa ya saba da fusha, wato Larabcin littafi, daga bakin malamai.

Na bi shi wata cibiyar koyon harshe a Madinatu Nasr. Awa biyu malamin bai fassara ko kalma ɗaya ba. Ya ɗauki makulli, ya buɗe ƙofa, ya ce, "Fatahtul baba." Ya miƙa wa ɗalibi na gaba, shi ma ya buɗe ya faɗa. Wanda ya yi kuskure ba a katse shi, sai ya gama a gyara masa abu ɗaya kawai. Babu dariya, babu tsawa, shi ya sa babu mai jin nauyin buɗe baki.

Na dawo da yaƙinin cewa nahawu tushe ne, amma ba a kwana a kan tushe, sai an yi gini. Kunya ce ke cinye mana shekaru, ba ƙarancin basira ba. Da koyo akan iya. Ina roƙon malaman Islamiyyunmu su ware ko awa ɗaya a mako wadda ba a magana sai da Larabci. Kai kuma ɗalibi mai shirin tafiya, ko Masar ce ko Faransa ko Sin, ka riƙe zumunci da 'yan'uwanka, amma ka nemi abokin da ba ya jin Hausa tun makonka na farko.