Abin da idon Inna ba ya gani



Tun ina yaro nake rakiyar Inna zuwa Kasuwar Gero a nan Injamena. Ba a cutar ta a hatsi. Takan zura hannu can ƙasan buhu, ta murza, ta sunsuna, ta ce wannan na bara ne. To amma a wani watan azumi ta sayo madarar gari a ƙulle cikin leda daga wani kanti, ƙannena biyu suka kwana suna amai da zawo. Da Malam ya tambaye ta, sai ta ce, “Malam, ai fara ce tas.” Gaskiyarta. Abin da aka sarrafa a masana’anta, aka yi makonni da shi a mota daga Duwala, ya ƙetaro gadar Ngeli, ya zauna a rumfar kwano cikin zafin Afrilu, ido da hanci ba su isa su yi masa hukunci ba.

Ko manyan ƙasashe ba su tsira ba. A shekarar 2008 a ƙasar Sin an zuba sinadarin melamin cikin madarar da aka tsinka da ruwa, don gwaji ya nuna kamar ingantacciya ce. Jarirai shida suka rasu, kimanin 300,000 suka kamu da ciwo, galibi na ƙoda.

Mu a Cadi muna da cibiyar binciken ingancin abinci, wato CECOQDA, wadda aka kafa a 2010. Kafawa ita ce mai sauƙi. Ɗakin gwaje-gwaje kamar doki yake, kullum sai an ba shi harawa: sinadaran awo da ake saye daga waje kuma suke lalacewa, wutar da ba ta yankewa, man motar da za ta kai ma’aikaci kasuwar Dembe, da albashin da zai hana shi kallon hannun ɗan kasuwa. Wa zai biya?

Amsar na fara jin ta ne a zauren mahaifina, kafin in shiga lise. Yana karantar da Ahkamus Sulɗaniyya na Imam Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya iso babin hisba. A nan malamin ya bambanta mai hani da mummuna don sa kai da muhtasibin da hukuma ta naɗa. Daga cikin bambance-bambancen, muhtasibi yana da damar karɓar albashi daga baitulmali. A lokacin na ɗauka zancen fiƙihu ne kawai. Sai da na girma na gane hikimar: mai duba mudu, in daga aljihun mai mudun yake ci, to an gama da mai saye.

Na san akwai masu cewa asibiti da makaranta sun fi cancanta da kuɗin gwamnati, kuma ban raina hujjarsu ba. Sai dai ni na riƙe ledar ƙarin ruwa a kan ƙanena a daren nan, na kuma ga abin da Malam ya biya. Ra’ayina shi ne ’yan kasuwa su biya haraji da kuɗin duwan cikin asusun ƙasa, majalisa ta ware wa masu binciken kasonsu a kasafin kowace shekara, a kuma bayyana mana nawa ne ya isa hannunsu.

Inna ta tsufa yanzu. In an kawo gwangwani gida, takan miƙo mini ta ce, “Duba mini kwanan watan.” Nakan karanta mata, alhali na san ana iya goge shi a buga wani.