Ni Ba Likita Ba Ne, Ba Kuma Mai Kemis Ba

Yau dai a yi mini uzuri, ba labarin soyayya na zo da shi ba, labarin aikina ne, aikin da har yanzu ba a sama masa suna ba a garinmu Wurma ta ƙasar Kurfi. Tsofaffi likita suke ce mini, samari kuma mai kemis, alhali ni duk ba ɗaya. Abin da na karanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya shi ne ilimin harhaɗa magunguna, wato sanin abin da ke cikin ƙwaya, da yadda take aiki a jiki, da adadin da zai warkar da wanda zai halaka. Bayan horon shekara guda da bautar ƙasa sai na kama aikin gwamnati, ina cikinsa har yau.

Tambayar da dangi ba su gajiya da ita ita ce, me ya hana in ajiye aikin nan in buɗe ƙaton kanti a Dutsin-Ma ko Katsina? Suna da gaskiyarsu, domin cikin abokan karatuna da suka yi haka wasu sun sauke farali ba sau ɗaya ba, ni kuwa albashi bai cika kai ni ashirin ga wata ba. Ban ce sun ci haram ba, akwai masu tsoron Allah ƙwarai a cikinsu. Sai dai ni na san halin cinikin magani a ƙauye.

A wajenmu magani kamar gishiri ake sayensa. Mutum zai tsaya gaban mai tebur ranar kasuwa ya ce a ba shi kafso ja da yalo na ɗari biyu, a ƙirga masa daidai kuɗinsa, a ƙulle a leda. Ba mai tambayarsa me ke damunsa, ba mai gaya masa kwana nawa zai sha. To shi kuwa magani ba ruwansa da nauyin aljihu. Ku duba na zazzaɓin cizon sauro. Lokacin da na fara aiki kulorokwin ne sarki, mai ɗaci mai sa ƙaiƙayi, amma a 2005 dole Najeriya ta sauke shi saboda ƙwayar cutar ta daina jin tsoronsa, kuma shan rabi a ajiye rabi yana cikin abin da ya taimaka mata. Wanda ya gaje shi, irin su Coartem, babban mutum ƙwaya 24 zai sha cikin kwana uku, huɗu-huɗu sau biyu a rana, tsakanin shan farko da na biyu awa takwas, kuma ya fi shiga jiki in an bi shi da abu mai maiƙo, ko da fura da nono ce. Amma da zarar jikin yaro ya yi sanyi a rana ta biyu, sai uwa ta jefa sauran nasa cikin kwalla, wai ajiya ce don ƙanensa.

Mai shago in ya ƙi sayar da rabi, gaba kawai mai saye zai ƙara, maƙwabcinsa ya karɓe cinikin. Ni kuwa a tagar asibiti ko sisi ba ya raguwa a albashina don na ce a'a. Wannan ne dalilina na zama, ba wani abu ba. Tsohuwa za ta leƙo da jikanta ta ce, "Yaro, allura dai za ka sa a yi mashi, ita ce ke kashe ciwo." In ce, "Inna, tunda yana haɗiya ba ya amai, ƙwayar nan ta isa, amma fa sai an shanye ta duka." Takan tafi tana gunaguni, ni dai in na ga ta maimaita mini ƙa'idar da bakinta hankalina ya kwanta.

Kada a ɗauka aikin gwamnatin duk zuma ne. Kalmar da na fi tsana a cikinsa ita ce "babu". Tun 1987 aka fito da tsarin Bamako na juya kuɗin magani, a sayar da sauƙi a sake saro wani, zamanin PTF ma an jibgo magunguna kafin a rushe ta a 1999. Amma na yi aiki a inda aka taɓa kuɗin asusun don wata hidima daban, sito ya koma wayam. Ranar nan haka za ka miƙa wa talaka takardarsa ka ce ya saya a waje, kana kuma sane da irin wajen. Marigayiya Dora Akunyili, wadda sana'armu ɗaya da ita, ta yaƙi jabun magani a NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, duk da haka a ƙarshen 2008 ɗin ne maganin haƙorin yara na My Pikin ya fara kashe jarirai, har suka haura tamanin.

Sai ga matsalar tsaro ta zo ta ƙara wa Borno dawaki. Wurma kanta 'yan bindiga sun afka mata a 2019 sun kwashi mutane. Magidancin da a da yakan sayar da akuya ya sayi maganin hawan jini na wata guda, an kore masa dabbobin, sai ya koma shan ƙwaya ɗaya duk ranar da kai ya sara. Irin wannan babu darasin da aka koya mana a kansa a Zariya.

Abin da ke sanyaya mini rai shi ne rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida da damina ana ba yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, kyauta, wata-wata. Na ranar farko a gaban ma'aikaciya ake sha, na kwana biyun da suka rage a hannun uwa yake. Shi ya sa in na je gida da damina, kafin a kawo mini ruwa nake ce wa matan ƙannena su ɗauko mini fankon katin in gani. Har sun sa mini suna wai Duba-gari.

Wassalam.