Ballyhale da sandunansu

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da ƙungiyar Ballyhale Shamrocks shi ne ba a biyan ko ɗan wasa ɗaya albashi. Ballyhale ƙauye ne a gundumar Kilkenny ta ƙasar Ailan, an kafa ƙungiyar a 1972. Wasansu hurling ne: mutum goma sha biyar kowane ɓangare, kowa da sandar katako mai faɗin baki, ana bugun 'yar ƙwallon fata da hannu ɗaya ke rufewa. A raga maki uku, ta saman sandar gola maki ɗaya.

Hanyar kofi doguwa ce. Sai an ci gasar gunduma, a ci ta lardin Leinster, kafin a je ta ƙasa baki ɗaya, wadda ake buga wasan ƙarshenta a filin Croke Park da ke Dublin. Sau tara suka ɗauki wannan kofi, na farko a 1981, na tara a Janairun 2023.

Ina ganin girman abin yana cikin rashin sayen 'yan wasa. 'Yan wasan da ƙungiyar ta fitar irin su Henry Shefflin da TJ Reid 'yan ƙauyen ne, nan suka taso, kuma da gari ya waye bayan wasa kowa wurin aikinsa yake komawa.