Baƙuwar Da Ta Zama 'Yar Gida

Akwai wani malamin makaranta a unguwar Sabo ta Ibadan, a can aka haife shi, a can kuma aka haifi mahaifinsa. Ran nan ya tafi nemar wa ɗansa takardar shaidar zama ɗan asalin jiha, sai akawu ya ce masa ya koma garinsu ya nemo. Ya komo gida rai a ɓace, ya iske mahaifiyarsa tana watsa wa kajinta tsaki. Da ya kwashe labari ya gaya mata, sai tsohuwa ta nuna wata kaza ta ce, "Malam, wannan wa ya taɓa tambayarta garinsu?"

Maganar nan ta tsaya masa a rai, domin ya san abin da masana suka rubuta a kan kaza. Zabo shi ne ɗan asalin Afirka, ita kuwa kaza baƙuwa ce. Kakanta wani jan tsuntsun daji ne da har yanzu ya ke yawo a kurmin kudu maso gabashin Asiya. Tun a shekarar 1868 Charles Darwin ya faɗi haka, binciken baya kuma ya gaskata shi. A shekarar 2022 masana suka bayyana cewa ƙasusuwan kajin gida mafi daɗewa da aka tabbatar, a Ban Non Wat ta ƙasar Tailan aka tono su, sun kuwa haura shekara 3,000. Gonakin shinkafa da gero ne suka jawo tsuntsun kusa da mutane, har sabo ya shiga tsakaninsu.

Daga nan fatake suka yi ta gaba da ita. Ta ratsa Indiya da Farisa, abin da ya sa mutanen Girka na dā suka riƙa kiranta tsuntsun Farisa. Ta shiga Masar da Habasha tun kafin haihuwar Annabi Isa, daga baya ta iso Afirka ta Yamma, inda aka sami ƙasusuwanta a kufan tsohuwar Jenne ta ƙasar Mali.

Abin da ya fi ba malamin mamaki shi ne sha'anin sunanta. Maƙwabtansa Yarbawa suna ce wa zakara akuko, Ibo suna ce wa kaza okuko, masu Suwahili kuwa kuku, a tsohon harshen Indiya kuma kukkuta. Watau dai mutane sun saurari cararsa ne suka raɗa masa suna da ita. Hausawa kuwa ta wata hanya suka samo nasu. Masana harsuna sun lura kalmar kaza ta yi kama da sunan da Buzaye ke kiranta da shi, suna kuma danganta zakara da kalmar Larabci mai ma'anar namiji. Ashe har sunan ma ayari ya biyo. Duk da haka ba Bahaushen da zai ce kaza ba tasa ba ce. Ita ce ta karrama baƙo, ita ce bankin matan karkara, da carar zakara kuma a ke sanin asuba ta yi.

Malam ya ce, "Inna, ashe ke nan mu ma 'yan gida ne, tun da Sabon nan tun 1916 aka kafa ta."

Tsohuwa ta yi murmushi ta ce, "Haka ne, amma kada ka manta, sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Sai ka tashi ka nemi haƙƙin yaron nan."

Da asuba zakaran maƙwabcinsa Bayarbe ya yi cara, nasa ya amsa daga bayan danga. Malam ya yi salla, ya tattara takardun haihuwarsa da na ɗansa, da rasit ɗin harajin da mahaifinsa ya biya a garin, ya sake kama hanyar ofishin.